Harshe da Gwagwarmayar Talakawa a Nijar: Daga Sawaba zuwa Tazarce

1. Gabatarwa

Tun daga ƙarshen mulkin mallaka zuwa yau, sau da dama jama'ar Nijar sun tashi tsaye don su ƙi wani abu da masu mulki ko masu dukiya suka so su ɗora musu. Wani lokaci sun ci nasara cikin makonni kaɗan, wani lokaci an murƙushe su, wani lokaci kuwa su suka yi noma wasu suka girbe. Masana tarihi da masana siyasa sun yi rubuce-rubuce masu yawa kan waɗannan al'amura, galibi da Faransanci. Abin da ba a cika kulawa da shi ba shi ne tambayar da ta shafe mu, mu masu nazarin harshe: da wane harshe aka kira mutane, da waɗanne kalmomi, kuma su wa suka ji kiran?

Tambayar ba ƙarama ba ce. An daɗe a ƙasarmu ana rubuta dokoki da kasafin kuɗi da hukuncin kotu da Faransanci, alhali mafi yawan ƴan ƙasa ba su jin sa. Shugabannin sandika da na ɗalibai ƴan lakwal ne. Masu cika titi da masu rufe kasuwa kuwa da yawansu ba su taɓa zama aji ba. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, to amma yawa ba ya taruwa sai an yi masa magana da abin da yake fahimta.

A cikin wannan maƙala za mu duba lokuta huɗu: zamanin Sawaba (1956-1964), tashin ɗalibai da ma'aikata (1990-1991), yaƙi da tsadar rayuwa (2005) da rikicin tazarce (2009-2010). Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa gwagwarmaya ta fi yin tasiri a duk lokacin da buƙatarta ta iya faɗuwa da harshen kasuwa, kuma ta sami ƙungiya mai gindi da za ta ɗauke ta. Kafin nan sai mu fara da kalmomin kansu.

2. Kalmomin da ake gwagwarmaya da su

Kalma ta farko ita ce talaka. A asalin ma'anarta ba ta nufin marar dukiya kawai. Tana nufin wanda ba ya riƙe da sarauta, wato wanda ake mulka. Shi ya sa ake cewa « talakawan sarki », kuma ɗan kasuwa mai abin hannunsa yana iya kiran kansa talaka a gaban basarake. Kalmar ba ta Hausa ce kaɗai ba: ana samun talka a Zabarmanci da talaƙƙe a Tamajaƙ. Ke nan kalma ce da ta ratsa kabilu, ta kuma haɗa ma'anoni biyu da Faransanci ya raba, rashin iko da rashin dukiya. Duk wanda ya ce « mu talakawa » ya riga ya shata layi tsakaninsa da masu sarauta da kuma attajirai a lokaci guda.

Ta biyu ita ce ƴanci. Tushenta ɗa ko ƴa, wato wanda ba bawa ba. Ƴanci a nan matsayi ne da mutum yake da shi ko ba ya da shi, ba jerin haƙƙoƙi ba ne da aka rubuta a kundi. Saboda haka idan aka ce wa manomi an tauye masa ƴanci, abin da zai fara zo masa a rai shi ne an mai da shi bawa, ba wai an karya aya kaza ta tsarin mulki ba.

Ta uku ita ce adawa, wadda kafofin watsa labarai suke fassara « opposition » da ita. Kalmar daga Larabci ta zo, ma'anarta kuwa gaba ce. Ɗan adawa, a kunnen mai sauraro, maƙiyi ne. Kalmar hamayya, wadda take nufin takara tsakanin tsara, ta fi dacewa da abin da ake nufi, amma adawa ce ta fi kama bakin mutane. Wannan zaɓi yana da sakamako: ya sauƙaƙa wa kowace gwamnati ta nuna mai sukarta a matsayin maƙiyin ƙasa.

Ta huɗu ita ce fararen hula. Ana cewa « ƙungiyoyin fararen hula » a madadin « société civile ». Farar hula kishiyar mai kaki ce, wato soja ko jandarma ko ɗan sanda. Kalmar ta bambanta jama'a da masu bindiga, amma ba ta bambanta su da masu kuɗi ba, domin babban alhaji mai shigo da shinkafa shi ma farar hula ne. Za mu ga amfanin wannan lura nan gaba.

Daga ƙarshe, sai mu kula da sunayen jam'iyyun da suka yi zamani daga 1991 zuwa 2023: MNSD-Nassara, CDS-Rahama, PNDS-Tarayya, ANDP-Zaman Lahiya, RDP-Jama'a, RSD-Gaskiya, Moden-Lumana. Kowane suna gida biyu ne. Haruffan Faransanci na ma'aikatar cikin gida ne da ofisoshin jakadanci. Kalmar Hausa ta masu jefa ƙuri'a ce. Ƴan siyasa sun fahimci tun da wuri cewa ba da haruffan nan ake samun jama'a ba.

3. Sawaba: kalma guda da ta zama suna

Kalmar sawaba a Hausa tana nufin sauƙi bayan wahala. A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya jagoranta, kuma takardar manufofinta ta shahara da sunan Sawaba. Kalmar ba ta tsaya a kan iyaka ba. A Nijar ta zama kirarin magoya bayan Jibo Bakari, har ta koma sunan jam'iyyarsu. Jibo ya zama magajin garin Yamai a 1956, ya kuma jagoranci majalisar gwamnati ta farko a 1957.

Binciken Klaas van Walraven (2013) ya nuna su wane ne ƙashin bayan wannan jam'iyya: direbobi da yaran mota, ƴan tebur, teloli, magina, leburori da ƙananan ma'aikata, musamman a Maraɗi da Damagaram da Tasawa da Yamai. Mutane ne masu yawo tsakanin birni da ƙauye, masu zama a tasha da kasuwa. Saƙo yana bin motocin gyaɗa ba tare da an buga takarda ba. Kalmar sawaba kuma ba ta buƙatar sharhi ga wanda ya san lanho da aikin tilas.

A zaɓen raba-gardama na ranar 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta yi kira da a ce « a'a » ga tayin Janar de Gaulle. Hukumar mulkin mallaka da mafi yawan sarakunan gargajiya suka haɗa kai a kanta, « i » ta sami kimanin kashi 78 cikin 100 bisa sakamakon da aka bayyana. Aka haramta jam'iyyar a 1959. A 1964 ta shigo da ƴan ta-kife ɗauke da makamai daga ƙasashen maƙwabta, da zaton talakawa za su tashi tare da su. Ba su tashi ba. Gwamnatin Diori Hamani ta murƙushe yunƙurin cikin ɗan lokaci, aka kashe wasu, aka ɗaure da yawa.

Abu biyu za mu riƙe daga nan. Na farko, kalma ɗaya mai daɗin ji ta isa ta tara mutanen da ba su san juna ba. Na biyu, da jam'iyyar ta koma ga bindiga sai ta rasa abin da ya ba ta ƙarfi, wato yawan waɗanda za su iya shiga. Kowa yana iya cewa sawaba a tasha. Ba kowa yake iya ɗaukar makami ba.

4. Daga gadar Kenedi zuwa Taron Ƙasa

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya hana siyasa, ya farfaɗo da samariya don ta zama hanyar da hukuma take isa ga jama'a. Bayan rasuwarsa a 1987, Ali Shaibu ya sassauta, ya kuma kafa jam'iyya ɗaya tilo, MNSD, a 1989. A wannan lokaci kuɗin yuraniyom sun ja baya, ƙasa ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni. Ƙungiyoyi biyu ne kawai suka rage da ɗan abin da za a kira cin gashin kai: ta ɗalibai, USN, da haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago, USTN.

A ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗaliban jami'ar Yamai suka fito don nuna ƙin matakan da za su rage kuɗin tallafin karatu da ɗaukar ma'aikata. A gadar Kenedi jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu. Buƙatar farko ta ƴan makaranta ce kawai, ba ta shafi mai sayar da goro ba. Amma kisan ya sauya maganar. « An kashe yara » zance ne da kowace uwa take ganewa da kowane harshe. USTN ta shigo, yajin aiki ya biyo baya har zuwa na gama-gari na watan Nuwamba, kuma a ranar 15 ga Nuwamba 1990 Ali Shaibu ya amince da tsarin jam'iyyu da yawa. Ba za a manta ba da abin da yake faruwa a waje: taron ƙasa na Benin a watan Fabrairu da jawabin Mitterrand a La Baule a watan Yuni. Sai dai iska daga waje ba ta kayar da bangon da ba a riga an haƙe gindinsa ba.

Ƙarfin USTN ya zo ne daga abu mai sauƙin fahimta. Ma'aikatan albashi kaɗan ne a ƙasar, amma su ne suke riƙe da asibiti da makaranta da gidan waya da dwan da baitulmali. Idan sun zauna gida, gwamnati ta tsaya. Ƙungiyar kuma tana da rassa a kowace jaha, da wakilai da ake zaɓa, da kuɗin da mambobi suke zubawa. Abin da muke kira gindi ke nan.

Akwai darasi na musamman a abin da mata suka yi. Kwamitin shirya Taron Ƙasa, wanda masu neman dimokuraɗiyya da kansu suke ciki, ya ƙunshi mace ɗaya tak. A ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka yi jerin gwano a Yamai, aka ƙara mata biyar a kwamitin, daga baya kuma ranar ta zama ranar matan Nijar. Wato masu yaƙi da danniya ma suna iya dannewa, kuma wanda aka bari a baya sai ya shirya nasa.

An buɗe Taron Ƙasa ranar 29 ga Yuli 1991 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andre Salifu, aka rufe ranar 3 ga Nuwamba. Taron ya ƙwace iko daga hannun shugaban ƙasa, ya naɗa Shefu Amadu firaminista na riƙon ƙwarya. Nasara ce babba. Amma da Faransanci aka yi mafi yawan muhawarar, kuma ƴan sandika da ɗalibai da ƴan jam'iyyu ne suka fi rinjaye. Muryar manoma da makiyaya ba ta yi nauyi ba. A zaɓen 1993 kalmar canji ta kai ƙawancen AFC da Mahaman Usman kan mulki. Ba a daɗe ba wata kalmar Hausa ta shiga bakin mutane har da jaridun Faransanci: wasoso, wato rububin muƙamai da dukiyar ƙasa. Da sojoji suka dawo ranar 27 ga Janairu 1996 ƙarƙashin Ibrahim Ba'are Mainasara, talakawa ba su fito kare tsarin da aka kafa da sunansu ba.

5. Tsadar rayuwa: buƙatar da ta faɗu da kowane harshe

A farkon shekarar 2005, bayan sake zaɓen Tanja Mamadu, gwamnatin firaminista Hama Amadu ta kawo dokar kuɗi da ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi kamar madara da sukari da garin alkama, da kuma kuɗin ruwa da wuta. Wannan ya zo daidai da shekarar da damina ta gaza, fari ya yi ɓarna, farashin hatsi yana hawa.

TVA haraji ne da yake ɓoye cikin farashi. Ba mai zuwa ƙofar gida ya karɓe shi kamar lanho, kuma nauyinsa ya fi faɗawa kan wanda duk abin da ya samu a abinci yake ƙarewa. Bayanin wannan da kalmomin masana tattalin arziki zai ɗauki lokaci. Gamayyar ƙungiyoyin da ta tashi, wadda ta haɗa masu kare haƙƙin masu saye da ƴan sandika da masu kare haƙƙin ɗan Adam, ta taƙaita shi cikin kalmomi biyu: tsadar rayuwa. Babu matar aure da take buƙatar a fassara mata wannan, domin kullum tana ganin sa a kuɗin cefane.

Ranar 15 ga Maris 2005 aka yi gagarumin jerin gwano a Yamai. Da hukuma ta hana sake fitowa, sai gamayyar ta koma ga abin da ake kira « ville morte »: ranar 22 ga Maris aka rufe kasuwanni da shaguna, motocin haya suka tsaya. Wannan dabara ta cancanci a tsaya a kanta. Jerin gwano yana buƙatar izini, yana kuma sa mutum gaban kulki da barkonon tsohuwa. Zaman gida kuwa ba laifi ba ne, kuma ba a iya kama gari sukutum don ya ƙi fitowa. Tsoho da mace mai goyo da ɗan tebur duk suna iya shiga. Haka kuma abin bai tsaya a Yamai ba: ya kai Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas.

Hanyar da saƙon ya bi ita ce gidajen rediyo masu zaman kansu, waɗanda suka fara bayyana a tsakiyar shekarun 1990, kamar Anfani. A nan ne ake muhawara da Hausa da Zabarmanci, masu sauraro suna bugo waya, washegari kuma a ci gaba da zancen a fada wajen shayi. Abin da Taron Ƙasa bai samu ba a 1991, gamayyar 2005 ta same shi.

Gwamnati ta kama shugabanni biyar a ƙarshen watan Maris: Nuhu Arzika, Maru Amadu, Mustafa Kadi, Musa Cangari da Kasum Isa, ta tuhume su da yi wa tsaron ƙasa zagon ƙasa. Kamun bai tsayar da komai ba, domin gamayyar ba ta rataya ga mutum ɗaya ba. A cikin watan Afrilu aka sake su, aka zauna, aka janye harajin daga madara da garin alkama, aka kuma ɗauke shi daga masu ƙaramin amfani da ruwa da wuta. Ba duk abin da aka nema aka samu ba, amma cikin kusan wata ɗaya gwamnati mai rinjaye a majalisa ta ja da baya, ba tare da soja ya motsa ba.

A nan sai mu koma ga lurar da muka yi kan fararen hula. Ƴan kasuwa sun rufe shaguna a 2005 domin harajin ya shafi cinikinsu. Buƙatarsu da ta talaka sun haɗu a wannan karo. Ba kullum suke haɗuwa ba.

6. Tazarce: lokacin da masu mulki suka riga kama kalma

Tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya kuma hana a taɓa wannan aya. A ƙarshen 2008 magoya bayan Tanja suka fara kiran ya ci gaba don ya kammala manyan ayyuka, suka ɗauki kalmar tazarce, wadda aka riga aka sani a Nijeriya tun yunƙurin Janar Sani Abacha na 1998.

Kalmar jimla ce da ta dunƙule ta zama suna: wakilin suna ta, mai komawa ga gwamnati ko sarauta, da aikatau zarce. A rubutun yau da kullum, inda ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, « ta zarce » tana iya zama abu biyu: tà zarcèe, wato a bar ta ta ci gaba, ko taa zarcèe, wato ta riga ta wuce iyaka. Masu mulki ma'anar farko suka nufa. Abin lura shi ne, a wannan karo su ne suke da kalmar Hausa gajera mai saurin kama baki, masu ƙi kuwa suna magana da ayoyin tsarin mulki.

Ta fuskar doka masu ƙi suna da gaskiya, kuma hukumomi sun nuna jarunta. Kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazeye ta ƙi amincewa da zaɓen raba-gardamar. Tanja ya rushe majalisar dokoki ranar 26 ga Mayu 2009, ya rushe kotun ranar 29 ga Yuni. Jam'iyyu da ƙungiyoyi suka haɗu cikin gamayyar CFDR, haɗaɗɗun ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda a lokacin sun kai bakwai, suka kira yajin aiki, aka yi manyan tarurruka a Yamai. Duk da haka aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, aka bayyana cewa fiye da kashi 92 cikin 100 sun amince, Tanja ya sami ƙarin shekara uku. Ƙungiyar CEDEAO ta dakatar da Nijar a watan Oktoba. Abin da ya kawo ƙarshen tazarce shi ne juyin mulkin Salu Jibo na ranar 18 ga Fabrairu 2010.

Me ya bambanta 2009 da 2005? A ganinmu, buƙatar ce. Tsadar rayuwa tana cikin tukunya. Iyakar wa'adi kuwa tana cikin kundin da aka rubuta da harshen da manomi ba ya karantawa. Ga mutanen karkara da yawa, Tanja shi ne mai gina aji da ɗakin shan magani da rijiya, masu ƙin sa kuwa « ƴan adawa » ne masu neman kujera. Ba a sami wanda ya fassara « iyakar wa'adi » zuwa wani abu da ya shafi gonarsu ba. Sannan kasancewar shugabannin jam'iyyu a sahun gaba ya ƙarfafa zaton cewa faɗan manya ne.

7. Abin da waɗannan lokuta suke koyarwa

Na ɗaya, ba a ƙirƙirar ƙungiya ranar da ake buƙatarta. USN da USTN sun daɗe kafin 1990. A yau ma akwai wuraren da mutane suke taruwa da kansu: sandikar direbobi da ƴan kabu-kabu, ƙungiyoyin ƴan kasuwa, fadodin matasa, kwamitocin iyayen yara, ƙungiyoyin makiyaya, da asusun mata irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maraɗi a 1991. Matan da suka saba zuba kuɗi kowane mako, su zaɓi ma'aji, su binciki asusu, sun riga sun koyi mafi wuyar abin da ake buƙata.

Na biyu, buƙata ta kasance ɗaya, mai iyaka, wadda za a iya sanin an samu ko ba a samu ba. Gwajin da muke ba da shawara mai sauƙi ne: idan ba ta faɗuwa cikin jimla guda da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajaƙ da Barbarci ba tare da aron kalmar Faransanci ba, to ba ta nuna ba tukuna.

Na uku, hanyar da aka zaɓa ta zama wadda mai rauni zai iya bi. Rufe shago da zaman gida da ƙauracewa sun fi tara mutane a kan jifa da ƙone-ƙone, waɗanda suke korar mata da dattawa, su kuma ba hukuma hujja.

Na huɗu, maganar kuɗi. Emmanuel Grégoire (1986) ya bayyana yadda alhazan Maraɗi suka tashi ta hanyar cinikin gyaɗa da fataucin kan iyaka, tare da kusanci da hukuma. Bayan 1991 manyan ƴan kasuwa suka zama masu ɗaukar nauyin yaƙin neman zaɓe, ana sāka musu da kwangila da rangwamen dwan. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙungiyar da take rayuwa da kuɗin attajiri, ko na mai tallafi daga waje, ba za ta iya taɓa wasu batutuwa ba. Dala goma-goma daga mambobi dubu ta fi miliyan daga hannu ɗaya amfani.

Na biyar, kamun shugabanni abu ne da ya kamata a sa rai da shi. An yi a 2005, an sake yi ranar 25 ga Maris 2018 lokacin zanga-zangar ƙin dokar kasafin kuɗi, inda aka tsare Nuhu Arzika da Musa Cangari da Ali Idrisa watanni huɗu. Ƙungiyar da kanta ɗaya ne, da an sare shi ta mutu.

Na shida, wanda ya fi nauyi: sau biyar soja ya karɓi mulki a Nijar, a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023, kuma sau da yawa an tarbe shi da murna. Idan jama'a suka fara rikici soja ya ƙarasa shi, abin da suka koya shi ne jira, ba shiri ba. A 2005 kaɗai ne daga cikin misalanmu jama'a suka fara, suka kuma ƙarasa da kansu, a kan teburi.

8. Kammalawa

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, taken da ya cika tituna da harsunan gida ya zo: « labu sanni no » da Zabarmanci, « zancen ƙasa ne » da Hausa. A watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa, kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Misalin tazarce ya nuna mana cewa magana da harshen jama'a ba ta isa ta zama shaidar an ba jama'a iko ba. Harshe makami ne da kowane ɓangare yake iya ɗauka. Abin da za a auna shi ne ko ɗan ƙasa yana iya karanta kasafin kuɗi da kwangilar ma'adinai da hukuncin kotu da harshensa, ya kuma yi tambaya a kansu ba tare da an kira shi maƙiyi ba.

A nan ne aikin sashenmu yake. Muna da ƙarancin kalmomin da aka daidaita na haraji da kasafi da shari'a. Waɗanda ƴan jarida suka ƙirƙira cikin gaggawa, kamar adawa, suna ɗauke da ma'anar da ba a nufa ba. Muna ba ɗalibanmu na digiri na biyu shawarar su tattara shirye-shiryen rediyo na 2005 da 2009 tun ba su salwanta ba, su rubuta su, su kwatanta yadda aka fassara TVA da wa'adi da tsarin mulki a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Haka kuma ya kamata a yi irin wannan nazari a sauran harsunan ƙasar, domin gwagwarmayar da ta tsaya ga Hausa kaɗai za ta bar wasu a baya, kamar yadda Faransanci ya bar mafi yawanmu a 1991.